Wuƙar da Na Saya wa Nura

Ba zan taɓa mantawa da Babbar Sallar da na saya wa ƙanena Nura wuƙa ba, kuma ko na so in manta, mutanen layinmu a Ƙofar Ƙaura ba za su bari ba. Har yau akwai dattijon da in ya hango ni sai ya ɗaga hannu ya ce, "Sarkin Fawa, ina gajiya?" Ni kuwa tela ne. Ban taɓa yin wata sana'a ba sai ɗinki.

Nura soja ne. Lokacin da ya ce zai shiga soja, ni na tsaya kai da fata na ce ban yarda ba. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, kuma har na gyara masa wurin zama a shagona. Ya tafi duk da haka. Shekara biyu muka yi muna gaisuwa irin ta maƙwabtan da suka yi rigimar katanga. "Lafiya?" "Lafiya lau." Sai in miƙa wa Inna wayar. Da aka ba shi hutun kwana biyar na Sallah, na san in ya koma a haka, wataƙila a haka za mu dawwama. Ni kuma bakina bai iya furta "yi haƙuri" ba (matata za ta ba da shaida ko a gaban alƙali). Sai na ce bari in sayi kyauta ta faɗa a madadina.

Na fara zuwa wurin Malam Iro maƙeri, abokin mahaifinmu ne tun suna samari. Na tarar da shi yana wasa wuƙaƙen mutane, ka san aikin jajiberin layya.

"Soja za ka saya ma wuƙa?" ya ce. "Mi zai yi da ita?"

"Yaƙi mana, Baba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Yaƙin ai da bindiga akan yi shi. Wuƙar soja ta yankan igiya ce da albasa da ƙumba. Ɗauki wagga." Ya turo mini wata 'yar ƙarama mai ƙotar icce da kuben fata, tsawonta bai wuce tafin hannu ba. "Ba ta da kyau, amma ba ta ba mutum kunya."

Na juya ta, na ga ba ta da maraba da wadda Inna take yanka kuɓewa da ita. Shekara biyu na gaba, in zo da wuƙar kuɓewa? Na yi godiya na ajiye masa abinsa.

A babbar kasuwa, a shagon masu tocila da agogo, na gamu da wadda ta sace mini zuciya. Ja ce, tana walƙiya, mai naɗewa, kuma abu goma sha biyu ne a jikinta. Akwai wuƙa, akwai zarto, akwai almakashi da abin buɗe gwangwani, har da cokali da 'yar tocila. Mai shagon ya ce, "Alhaji, irin wannan sojojin Turai ke riƙewa." (Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba.) Na zaro zare daga aljihu na gwada almakashin, sai ya tauna shi bai yanke ba. Tela mai shekara ashirin a kan keke ya kamata ya gane daga nan. Ni kuwa sai na ce laifin zaren ne.

Ranar Sallah bayan an sauko daga Idi, aka yanka raguna aka jera su a ƙofar gida kamar yadda muka saba, kowa da nasa, ana jiran mahauci ya zagayo ya yi fiɗa. Inna ta riga ta ja kunne tun da safe, ta ce fatar bana tata ce, buzun sallarta ya tsufa, kada a kuskura a huda ta. Maza sun cika layi, har da Malam Iro a kan benci. Nan na ga ya dace in ba da kyautata, don kowa ya shaida.

Nura ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe wannan, ya buɗe wancan, ya ce, "Yaya, ai wannan bataliya guda ce. Na gode, Allah ya ƙara buɗi." Godiya ce ta ladabi, irin wadda ake yi wa baƙo. Zuciyata ba ta kwanta ba.

Sai Malam Iro ya ce daga kan benci, "Tana yanka kuwa?"

Da na yi shiru da an wuce wurin. Sai na ji bakina yana cewa bana ba ma buƙatar mahauci, ni zan feɗe ragonmu da wuƙar soja. Ban taɓa fiɗa ba a rayuwata. Ga ni cikin farar shaddar da na yi sati guda ina mata aiki a wuya. Na naɗe hannun riga na durƙusa.

Abin da na fara buɗewa cokali ne. Na mayar da shi, na danna wani wuri, tocila ta kama. Da ƙyar na samo wuƙar. Na ɗora ta a fata sai ta riƙa zamewa kamar ana shafa wa ragon mai. Na ƙara ƙarfi, ta huda. Na gyara hannu, ta sake hudawa. A ta uku sai muryar Inna ta fito daga zaure: "Wai fatar tawa ce ake ma ramin maɓalli?"

Layi ya ɗauki dariya. Ni kuma kunya ta sa na bar fatar na koma wa ciki, don in nuna cewa aiki na tafiya. Na kafa tsinin na danna da dukkan ƙarfina. Abu biyu suka faru tare. Tsinin ya fasa tumbi, wuƙar kuma ta naɗe a kan yatsana, don ashe ba ta da abin da ke riƙe ta in an buɗe. Ragon nan kwana goma ya yi yana cin dusa da harawa a gidanmu, kuma duk ya mayar mini da su, daga hula har takalmi. Ina cikin sharce fuska na ga jini a yatsana. Na ragon bai dame ni ba tun safe. Nawa kuwa, ina ganinsa duniya ta yi duhu.

Na farfaɗo kaina a kan cinyar Nura, yana mini fifita da hular tawa. Ya riga ya ɗaure yatsan tsaf. Wuƙar tana can cikin cikin rago, tocilarta na ci. Fuskarsa a ɗaure irin ta soja a fareti, amma kafaɗunsa na rawa.

"Yaya," ya ce, "mu a wurinmu, wanda ya ji rauni a fagen daga jarumi ne."

Sai ya fashe. Ni ma na fashe. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ya sa kaki. A nan kwance na ce, "Nura, ka yafe mini." Ta fito cikin sauƙi, don mutumin da ke warin tumbi ba shi da sauran girman da zai tsare.

"Ni ma ka yafe mini, Yaya. Amma don Allah tashi ka yi wanka."

Malam Iro ya zaro 'yar wuƙar kuɓewar nan daga aljihu, ashe ya zo da ita. Kafin in fito daga wanka Nura ya gama fiɗa da ita, tsohon kuma ya ce ya riƙe. Da Nura zai koma bakin aiki ya tafi da wuƙaƙen duka biyun. Daga nan wayarmu ta daina ƙarewa a "lafiya lau". Yakan kira ya ce, "Yaya, cokalinka fa ya yi suna, layi ake bi a aro."

Bara aka kawo mana jakarsa. Allah ya karɓi abinsa a bakin aiki, kuma ba zan tsawaita a nan ba. A aljihun jakar na sami wuƙar Malam Iro, ta sirance saboda yawan wasawa. Tawa ma tana nan. Komai na jikinta ya karye ko ya yi tsatsa, sai cokalin, shi kam yana sheƙi. Inna har yau a kan buzun nan mai huda uku take yi masa addu'a, kuma ta hana ni in ɗinke su.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka saya wa mutum kayan aiki, ka ji maganar maƙeri, ba ta wanda ya kira ka Alhaji ba. In kuma akwai wanda ya kamata ka ba haƙuri, ka ba shi tun rigarka tana fara. Duk Sallah yanzu ni ne na farko a layinmu da ke kiran mahauci.