Ɓarawon Ruwan Gidan Alhaji Zainudeen

Idan ana lissafin mutanen da suka ɗaga darajar Salaga, a fara da Alhaji Zainudeen Mikaila, a kuma tsaya a kansa, don shi ma nan yake tsayawa. Jikan fataken goro ne, babban dillalin doya, mai rumbu a Kpandai da aboki a kowace tasha. Amma duk wannan ba shi ne abin alfaharinsa ba. Abin da ya bambanta shi da sauran bayin Allah na unguwar shi ne masai na zama, fari fat, mai tankin ruwa a bayansa, wanda ya sayo a Bawku. Mai shagon ya gaya masa daga Togo aka shigo da shi. Kafin mota ta kai Yendi ya zama na Dubai. Ranar da aka sauke shi a Salaga kuwa, ɗan Italiya ne gaba da baya.

Wani mai aikin famfo daga Yendi, Sulley, shi ya zo ya haɗa shi. Alhaji ya tsaya a kansa tun daga farko har ƙarshe, hannu a baya, yana cewa "matsa nan" bayan an riga an matsa. Daga ranar ya ba kansa sunan Injiniya. Mutanen unguwa kuma, da yake suna da kirki, suka ƙara masa da nasu: Alhaji Danna-Ka-Gani. Domin duk baƙon da ya shigo gidan, kafin a ba shi ruwan sha sai an kai shi ya ga masai. Alhaji zai ciro makulli daga aljihun jallabiya, ya buɗe ƙofa a hankali, ya nuna mariƙin, ya ce, "Danna ka gani." Baƙo ya danna, ruwa ya yi ƙara ya wuce, Alhaji ya lumshe ido kamar shi ya yi ruwan.

Ba mai amfani da shi. Hajiya Hawawu, matarsa, ba a yarda ta shiga ba sai da tsumman goge-goge. 'Yan haya ko a mafarki. Shi kansa Alhaji ya gwada sau ɗaya, cikinsa ya ƙi yarda da zaman kujera, ya ɗauki butarsa ya koma tsohuwar shadda ta bayan gida, inda ya saba tsuguno tun yana saurayi. Wannan sirri ne, kuma duk unguwa ta san shi.

Wata rana mariƙin ya saki. A danna, ya tafi ƙasa salalam, ba ruwa ba ƙara. Hajiya ta ce a kira Sulley a waya.

"Sulley?" in ji Alhaji. "Yaron da na koya wa aikin nan a tsaye? Hajiya, ni na kwana a otal a Kumasi. Na kwana a Ankara, babban birnin ƙasar nan. Na ga masai iri-iri a Makka, wanda ma ba a danna shi, da kansa yake sanin ka gama. Ni za a kira wa mutumin Yendi?"

Ya naɗe hannun riga, ya ɗaga murfin tankin. A gaskiya matsalar ba ta da yawa. 'Yar sarƙar da ke haɗa mariƙi da robar da ke toshe ƙasan tankin ce ta zame daga ƙugiyarta, abin da kawai za a maƙala a rufe. Amma maƙalawa aikin ƙananan mutane ne. Alhaji ya cire sarƙar gaba ɗaya, ya ce ta 'yan China ce aka sa masa a ɓoye. Ya yanko igiyar ɗaure buhu, ya ɗaure tamau, irin ɗaurin da yake wa kaya mai tafiya Kumasi. Igiyar ta gajarce, robar ta daina zama daidai a kan raminta, ruwa ya samu 'yar hanya yana zirarewa cikin kwanon masai. Mariƙi dai ya yi ƙarfi. Alhaji ya wanke hannu ya fita ƙofar gida ya ba da labari.

Ba a jima ba wani abokin cinikinsa ya zo daga Bawku. Aka ce danna ka gani, ya danna, ruwa ya fito a kasalance, bai yi ƙarar da aka saba ba. Baƙon ya ce, "To, madalla," da irin muryar da ake yaba miyar da ba gishiri. Abin ya ci wa Alhaji rai ƙwarai. Da baƙo ya tafi ya sake ɗaga murfi, ya tsura wa ƙwallon roba da ke yawo a kan ruwa ido. Wannan ƙwallo, idan ruwa ya ɗago shi, shi ke sa sandarsa ta rufe bakin famfon ciki. Alhaji ya lura sandar ta ɗan sunkuya ƙasa, kuma shi mutum ne da bai yarda kayansa su sunkuya ba. Ya kama ta da hannu biyu ya lanƙwasa ta sama. Daga nan ruwa ya daina sanin inda zai tsaya. Ya cika, ya wuce, ya dinga kwarara ta bututun da ke tsaye a tsakiyar tankin, wanda aka yi don kada ruwa ya malale a ɗaki. Masai ya fara wani siririn sauti, sssss, ba tsayawa.

Hajiya ta ji shi ranar goge-goge, ta yi magana. Alhaji ya yi mata murmushin tausayi. "Numfashi yake. Kaya mai inganci haka yake yi." Ya rufe ƙofa ya mayar da makulli aljihu.

Lokacin rani ne. Rijiyoyi sun ja baya, famfon gari sai ya ga dama yake zuwa. Ruwan gidan Alhaji a aboboya ake kawo shi, keken nan mai ƙafa uku, a tura shi cikin babban baƙin tanki da ke kan dakali a saman gida. Da can in an cika shi, a daɗe ana sha. Yanzu a cika yau, jibi a buɗe famfo ya yi tari. Injiniya ya zauna ya yi bincike irin na masana. Ruwa ba ya tafiya da kansa, wani ke ɗiba. Wa ke da sana'ar ruwa a gidan nan? Karimatu.

Karimatu bazawara ce, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Tana haya a ɗakin da ke bakin ƙofa, a nan gaban ɗakin take sayar da koko da ƙosai da safe. Masu babur da masu zuwa kasuwar doya sun san wurin, can suke tsayawa. Ɗakin shi ne shagonta, shi ne abincin 'ya'yanta. Ruwan kokonta kuwa a kanta take ɗauko shi daga wata rijiya mai nisa, kowa na ganinta tana dawowa da galan, wuyanta a sandare. Alhaji ma yana ganinta. Ya ce wannan duk rufa-rufa ce.

"Koko mene ne?" ya tambayi mutanen da ke zaune a ƙofar gidansa. "Ruwa ne da ɗan gari. Ku yi lissafi da kanku. Ni ba na zargi, ina nazari ne."

Ya sa kwaɗo a famfon tsakar gida. Ruwa ya ci gaba da ɓacewa. Wani mai ƙaramin ilimi da sai ya fara shakka, amma Alhaji ya ƙara tabbata: matar da ke satar ruwa ta cikin kwaɗo ba ƙaramar ɓarauniya ba ce. A bayan katangarsa, wajen ramin da ruwan masai ke gangarawa, ciyawa ta fito kore shar a tsakiyar rani, awakin unguwa suka mayar da wurin majalisa. Alhaji ya kai mutane suka gani, ya ce albarkar gidan ce take tsattsafowa ta ƙasa. Sannan ya aika wa Karimatu cewa ta kwashe kayanta kafin Juma'a.

Ta yi kuka, ta rantse, ta durƙusa. Abin da ya fi ƙona mata rai ba korar ba ce kaɗai, sunan ne. Wa zai ba ɓarauniya ɗaki a Salaga, wa zai sha kokonta? Da ta rasa yadda za ta yi sai ta tafi wurin Liman Mahamudu, limamin masallacin unguwa, tsoho mai sanyin magana. Ranar Alhamis bayan la'asar Liman ya zo da dattawa, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Karimatu ta rakuɓe a gefe, Hajiya na tsaye a bakin madafa.

Alhaji ya sha babbar riga. Da safe ya sa an cika tankin sama, don dattawa su san gidan ba na matsiyata ba ne. Ya yi jawabi a kan amana, ya yi a kan tsafta, ya taɓo Italiya. Daga nan hanya ta miƙe, don ba a taɓa tara masa manyan baƙi haka a lokaci ɗaya ba. Ya ce kafin a shiga shari'a, ya kamata dattawa su ga irin gidan da ake cuta. Makulli ya fito.

Dattawa suka cunkushe a bakin ƙofar masai. Yau ba danna ka gani kaɗai ba, har murfi Alhaji ya ɗaga, don a ga aikin hannunsa. Ya nuna igiyar buhu, ya nuna sandar da ya miƙar. Ruwa na ta kwarara cikin bututun tsakiya, wani kuma na gangarawa a jikin kwanon, siriri, mai sheƙi.

Liman ya leƙa, ya ce, "Alhaji, ni ban san kayan zamani ba. Wannan ruwan da ke gudu, ina za shi?"

"Ƙasa, Malam. Ta bututu, zuwa rami. Tsarin ke nan, don kada ruwa ya kwana ya yi wari."

"Daga ina yake zuwa?"

"Daga tankin sama, kai tsaye. Ni na tsara."

"To, yaushe yake tsayawa?"

Alhaji ya gyara hula, ya dubi dattawa ɗaya bayan ɗaya. Tambayar da yake jira ke nan.

"Ba ya tsayawa, Malam. Safe da rana da dare. Na gida ne ke gajiya. Wannan tun da na gyara shi bai huta ba ko na minti ɗaya."

Sautin nan kaɗai ake ji, sssss. Wani dattijo ya sunkuyar da kai yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Alhaji ya tsaya da murfin a hannu, bakinsa a ɗan buɗe, maganarsa na komowa kunnensa a hankali. Hajiya Hawawu ta ratso tsakanin mutane ba ta dubi kowa ba, ta sunkuya ta murɗa ɗan famfon da ke jikin bango a ƙarƙashin tankin. Numfashin ɗan Italiya ya ɗauke.

Aka koma kan tabarmi. Liman ya ce, cikin taushi, an ɗora wa baiwar Allah abin da ba ta yi ba a gaban jama'a, ya kamata a gaban jama'a a wanke ta, a nemi gafara. Alhaji ya yi gyaran murya. Ya daɗe yana gyara ta. Sannan ya buɗe hannuwa kamar mai rabon zakka.

"Saboda darajar Malam da dattawa," in ji shi, "ta zauna a ɗakinta. Na yafe mata."

Karimatu ta goge fuska da bakin mayafi. Ta durƙusa yadda ya kamata, ta yi magana ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Na gode, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Amma Malam, ina da tambaya guda. Ni da ban ɗauki komai ba, an ba ni Juma'a." Ta nuna ƙofar masai da haɓa. "Shi da aka kama shi, yaushe zai kwashe kayan shi?"