Jan Fenti a Bayan Tunkiyar Kaka

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da abin da idona ya fara gani da na sauka daga kan zem, wato babur ɗin haya, a ƙofar kwata: ɗigo huɗu na jan fenti a jere a bayan tunkiyar Kaka. Na ƙarshen ya ɗan karkace. Na gane shi, don hannuna ne ya yi shi.

Ga yadda aka yi. Mushen da ke koya mana ilimin halittu ya ba ni aikin tsayawa gaban aji in yi bayanin ubikitin, wani ɗan ƙaramin furotin da ƙwayar jiki ke manna wa sauran furotin a matsayin alama. In aka jera alamomin ta wata siga, ma'anarsu a kai shi a niƙe. In aka jera ta wata sigar, kiran dakarun jiki ne, sai kumburi ya tashi a yaƙi cuta. Akwai ma furotin da in ya rasa alamarsa, ƙwayar na iya kashe kanta. Sannan akwai masu goge alamar, don kada kumburi ya wuce kima.

Nan take na gane, don kuwa haka Baba ke yi da dabbobinsa a gidanmu na Guéma: shuɗi na kasuwa, ja na kwata. Matsalata ita ce baki. Ni ce wadda ko gaisuwa sai an ce in ƙara murya. Don haka na tara tumaki a bayan gida na yi musu lacca (sun fi 'yan ajinmu natsuwa, gaskiya). Da na zo kan niƙewa, sai na ɗauki gwangwanin jan fentin Baba na ɗiga wa wadda ta fi kusa, 'Yar Partago, wadda Kaka ta taho da ita daga Djougou tana jaririya, take ba ta ɓawon doya da hannunta. Ina cikin haka Inna ta kira ni tsintar shinkafa. Na manta.

Da safe Baffa Sale ya zo kwasar na kwata. Shi ba ya tambaya, alama yake karantawa. Sai da na ji Kaka tana kewaya gida da ɓawon doya tana kira, sannan na tuna da fentin. Da kakin makaranta na fita, takalmi wari da wari.

A kwata maza sun kai goma, Baba a tsakiya, ana musu. Malam Idi mahauci ya riƙe igiyarta ya ƙi yanka.

"Alhaji, ciki gare ta. Yaushe ka fara aiko mini masu ciki?"

"Ni ban sa mata ja ba," in ji Baba. "Sale, kai ne?"

"Yaya, ni ɗigona ɗaya ne. Wannan mai huɗun ɗan boko ne."

Na ce, "Ni ce." Ba wanda ya ji. Na sake. Duka suka juyo.

"Ke? Don me?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma tsoro ya buɗe bakin da ya ƙi buɗuwa shekara goma sha bakwai, na zuba musu laccar gaba ɗaya, da kumburi da dakaru da mutuwar ƙwaya, ina nuni da bayan tunkiya. Ba ko tuntuɓe.

Malam Idi ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To a cikin jikin, wa ke dubawa ko an sa alama bisa kuskure?"

"Akwai masu gogewa."

"Madalla." Ya miƙo mini tsumma da kwalbar kananzir. "Bisimilla, Malama."

Na durƙusa ina gurza, suna dariya, Baba yana ɓoye tasa cikin hannun riga. Ranar na koyi cewa alama magana ce, ko mai kunya ce ta sa ta, kuma ba kowace kwata ke da Malam Idi ba.

Da muka koma gida, Kaka ta shafa cikin tunkiyarta, ta shinshina kananzir, ta dube ni. Na sunkuyar da kai.

"Kaka, don Allah, in mun je Djougou da salla, ki ce wa dangi ɓata ta yi, ba ni na tura ta kwata ba."