Ranar da Na Sake Rushe Ƙauyen Surukata

Da aka buɗe gidan baje kolin zane-zane kusa da Wara, na kai Inna, surukata. A lambun gidan akwai wasan tura 'yar ƙwallo cikin rami da sanda.

"A hankali ake yi, Malam," in ji mai gadi.

"Ni za ka koya wa?" na ce, na zage ƙarfi na zabga.

Ƙwallon ta tsallake ramin, ta dira kan ƙauyensu Inna da aka siffanta da yumɓu a gefen lambun, ƙauyen da ruwan madatsar Kainji ya cinye tun tana yarinya. Gidan mahaifinta ya tarwatse.

Inna ta durƙusa tana tsintar gutsattsarin. Har muka koma Yelwa ba ta dube ni ba.

Yanzu duk bikin da na shiga, sai ƙannen matata su ce, "A kawar da tukwane, ga Ambaliya nan."