Naɗin Kwabbai a Hannun Kaka Loretta

"Lafiya ƙalau, Kaka. Ashe har yanzu kina nan? Na ɗauka zan tarar ana rabon kayanki."

"Sai na ci abincin bikinka tukuna, ja'iri, in an samu mai tsautsayin da za ta aure ka. Goge takalminka."

Garrett ya zauna a kicin ɗin kakarsa Loretta, a ɗan garinsu na Ohio, ya lallaɓa wani naɗin takarda ya ajiye a tebur. Kwabbai hamsin ne a ciki, na da, masu zanen alkama. A intanet ya saya. Mai sayarwar ya rantse tun 1955 banki ya naɗe su, ba wanda ya taɓa buɗewa ya tsince masu tsada, kuma akwati ɗaya na irin naɗin ya rage masa. Garrett, bawan Allah, har babur ɗinsa ya sayar don ya kwashe akwatin. Danna waya ya biya kawai ya rage.

"Taɓa ki ji arziki, tunda idon ya yi ritaya."

"Idona ya yi ritaya, naka hankalin ko aiki bai fara ba. Miƙo."

Shekara talatin tsohuwar ta yi tana naɗe kwabbai a banki. Ta shafa bakin naɗin da babban yatsa, ta kai hanci.

"Shayi."

"Kofi dai za ki ba ni."

"Takardar, sakarai! A shayi aka tsoma ta don ta yi kalar tsufa. Bakin nan kuma a gida aka murɗe shi, namu na banki kwanciya yake yi lumus. Karanto min adireshin bankin da ke jikin takardar."

Ya karanta, har da lambobi biyar na ƙarshe.

"Lambar gidan waya ke nan. Sai a 1963 aka fara ta, ina da cikin uwarka. Bankin naka na 1955 duba yake yi?"

Garrett ya dake. "Hassada ce kawai."

"To buɗe. Na bakin nan da na bakin can masu kyau ne, don ido. Tsakiyar duk gama-gari."

Ya yage takardar, kwabbai suka watse a tebur. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wallahi yadda ta faɗa, ko ɗaya ba ta kuskure ba! Ya kife wayar, ya zuba wa yatsun tsohuwar ido kamar yau ya fara ganinsu.

"Kaka, ke mayya ce?"

"Ma'aikaciyar banki ce. Ɗauko min gwangwanin da ke bayan buhun fulawa."

Ta zaro wani naɗi daga ciki, takardarsa ta yi laushi don tsufa. "Ni na naɗe shi da hannuna, makona na farko a aiki. Riƙe, na ba ka."

Ya karɓa da hannu biyu, muryarsa ta yi ƙasa. "Wannan kam ba wanda ya taɓa tsince shi."

Loretta ta yi dariya har da tari. "Kai, yaron nan! Ni zan ga mai kyau in naɗe wa wani? Na tsince, na cike da nawa. Dukanmu haka muke yi."

"Na sallama, tsohuwa. To masu kyan suna ina?"

Ta girgiza gwangwanin, ya yi ƙara.

"Je ka fanso babur ɗinka ka kai ni coci ran Lahadi, sai mu yi magana."