Rasuwar Wayar da Ta San Hanyar Shagon Kek

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tsohon malamin tarihi na layin bayan asibiti yana sanar da rasuwar wayarsa, abokiyar tafiyarsa a kan keke. Ta cika ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe takwas da minti goma sha bakwai na safe, tana da shekara shida da wata huɗu a hannunsa.

Marigayiyar ta yi rayuwar rufin asiri har zuwa bara, lokacin da 'yarsa ta fari, mai binciken yadda ma'aikatan birni ke zirga-zirga a kan keke, ta saka mata manhajar da ke rubuta hanyar da mahayi ya bi. Malam ya amince, domin bai taɓa ƙin a rubuta tarihi ba. Ya ɗauka, bisa ilminsa na kundi, cewa abin da aka rubuta yakan kwanta shekara talatin kafin wani ya buɗe.

Kowace safiya yakan ɗaure wayar a kan keke, ya shaida wa mai ɗakinsa cewa ya tafi laburare. Likita ya hana shi zaƙi, iyali kuwa sun sa ido. Marigayiyar ba ta taɓa musa masa a gaban mutane ba. Iyakarta ta ce, "Juya dama bayan mita ɗari biyu," shi kuwa ya juya hagu, ya jingine kekensa a ƙofar shagon kek.

Jinyarta ta fara da kumburin batir, sannan fuskarta ta tsage. Daga bisani ta zame cikin kwata ana ruwa. Mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa. Kalmarta ta ƙarshe ita ce, "Ka iso."

Sai bayan rasuwarta aka san girman gaskiyarta: ashe kullum tana aika rahoto. A taswirar binciken, tsayawa ɗari biyu da sittin da uku sun taru a ƙofa guda, ta shagon kek, har aka ɗauki wurin babbar matattarar masu keke, aka kafa ƙarafan jingine keke goma sha biyu. 'Yar Malam ta gane lambar da manhajar ta ba mahayin, ta nuna wa mahaifiyarta.

Ta rasu ta bar keke, caja biyu, ɗaya ba ya aiki, da layi wanda ya riga ya tare a sabuwar waya tun kafin a yi kwana uku.

Za a ajiye ta ranar Asabar da hantsi a aljihun tebur na ƙasa, kusa da rediyo. Malam zai karɓi gaisuwa a wajen ƙarafan nan, tarihi ɗaya tilo da ya kafa da kansa. Mai ɗakinsa za ta zauna a gefensa. Ruwa kawai za a raba.