Toka Ta Rasu Tana Jiran Mu'awiya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, wadda kuma ta ƙi zama wuri ɗaya, Mas'ud ɗan marigayi Ɗan Asabe mahauci, a madadin kansa da ƙannensa biyu, Misbahu na Bakura da Mu'awiya na Maradun, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar na'urar gem ɗinsu, wadda aka fi sani da Toka saboda launinta. Ta cika ranar Asabar da hantsi a ɗakinsa da ke Talata Mafara, a kunne, tana jiran baƙon da bai iso ba.

Babu wanda ya san shekarunta, domin da tsufanta ta zo gidan. Mahaifinsu ne ya taho da ita daga kudu a wata tafiya da ya kai shanu, da kaset ɗaya da abin dannawa ɗaya mai doguwar igiya. Shi a zatonsa rediyo ya sayo. Da aka jona ta da talabijin sai ga wani ɗan gajeren mutum da fitila da guntun takobi yana tsalle a kan allo. Tsohon ya yi tsaki ya koma mahauta, yaran kuwa ba su ƙara moruwa ba sai da damina ta wuce.

Shaidar da za a yi mata ta alheri ce. Ba ta taɓa neman data ba, ba ta taɓa tsayar da mutum ta nuna masa tallan sabulu ba, ba ta kuma iya daɗin baki irin na gem ɗin waya ba, waɗanda kan yi wa rago tafi don ya danna abu sau ɗaya. In ka faɗa rami, ka faɗa. Za ta ce "tuuu-ruf", ta mayar da kai baya ba tare da ta ba ka haƙuri ba. In ka tsinci mabuɗi ta ce "tilin-tilin", kuma duk wanda ya taɓa jin wannan "tilin-tilin" bayan wahalar yini guda ya san babu kiɗan da ya kai shi daɗi. Abin da kawai take buƙata shi ne a zare kaset a hura masa iska kafin a kunna, kuma a gidan Ɗan Asabe da bisimilla ake hurawa.

Rubutun da ke fitowa a allo ba boko ba ne, ba ajami ba, don haka yaran suka raɗa wa komai suna da kansu. Mai fitilar ya zama Ɗan Gajere. Taɓon da ke haɗiye mutum ya zama Fadamar Damri, kurmin da hanya ke ɓacewa ya zama Dajin Dosara. A can ƙarshe akwai ƙofar ƙarfe da wani ƙaton abu mai ƙaho ke gadi, kuma 'ya'yan mahauta ba su sha wahalar gane shi ba. Suka ce Bijimi ne.

Sai dai kowane mai rai da ajizancinsa. Marigayiya ba ta riƙe kowa a zuciya, ba ta kuma riƙe inda aka tsaya. Da an kashe ta, ko an ɗauke wuta, sai ta manta komai, a koma farko. Hanyar kuma ta fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ya sa suka raba aiki kamar yadda suka ga ana raba fawa. Mas'ud ne mai tsallake fadama. Misbahu ne ya haddace dajin. Faɗa kuwa na Mu'awiya ne, autansu, mai babban yatsa kamar walƙiya. Haka abin dannawa ke yawo daga hannu zuwa hannu, da gumi da maiƙon nama a jikinsa. Duk da haka ba su taɓa kaiwa ga Bijimi da sauran numfashi ba. Sukan hango ƙahonsa, sai "tuuu-ruf".

Da mahaifinsu ya rasu aka raba gona da shanu da wuƙaƙe, amma Toka ta ƙi rabuwa. Aka yanke cewa za ta riƙa zagaya gidajensu kamar tsohuwa mai 'ya'ya uku. Daga Mafara a naɗe ta da tawul a ɗaure a bayan babur zuwa Bakura, daga Bakura zuwa Maradun. Wanda ya kai ta ba ya juyowa a ranar, na ukun ma sai ya biyo sawu, a ci tuwo a kwano ɗaya, a zagi Bijimi. Ba su taɓa cewa zumunci suke yi ba, gem suka ce suna bugawa.

Sannan hanya ta lalace, hidima ta yi yawa, waya ta shigo. Da zagaye ya zo kan Mu'awiya ya ce a riƙe ta tukuna. Da ya sake zagayowa ya ce haka. Babu faɗa tsakaninsu, kuma wannan shi ne abin da ke hana Mas'ud sukuni, domin faɗa ana sulhunta shi, amma shiru ba a san ta inda ake kama shi ba. Yana jin tsoron ranar da za su zama masu gaisawa da Sallah kawai, su ma ta waya.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga abin farin ciki. A tsakiyar bazarar nan Misbahu ya shigo cin kasuwar Talata, suka kunna ta don ɗebe kewa, sai ga su a bakin ƙofar ƙarfe da rai cikakke, abin da bai taɓa faruwa ba tun suna yara. Misbahu ya ce su afka. Mas'ud ya danna tsayarwa, ya ɗora abin dannawa a kan matashi, ya ce wannan faɗan yana da mai shi. Ya kira Maradun.

"Ku ƙarasa abinku, Yaya," in ji Mu'awiya. "Ni yanzu ko yatsan ya mutu."

"Ba mu ƙarasawa. Tana nan kunne har ka taho."

"To, in na samu sarari ina tahe."

Tun daga ranar Mas'ud bai zauna ba. Kashe ta yana nufin komawa farko, don haka ya haɗa ta da batirin sola, ya hana gidan fanka da cajin waya, har matarsa Hindu ta daina yi masa magana sai da ido. Da jikin Toka ya ɗauki zafi ya zuba jiƙaƙƙen yashi ya ɗora ta a kai kamar randa, yana yi mata fifita. Ya je mahauta ya dawo, ya leƙa ɗaki, ya fita ƙofar gida, duk babur ɗin da ya karyo kwana sai ya miƙe. Ɗan Gajere na tsaye a allo da fitilarsa, ƙafa ɗaya a sama. Talata ta zagayo ta wuce. Ranar Asabar aka ji ɗan ƙauri, ta yi wani siririn "ɗiii" da ba a taɓa jin ta yi ba, allo ya yi baƙi.

An garzaya da ita wurin Fa'izu mai gyaran rediyo. Ya buɗe cikinta, ya sunsuna, ya mayar da murfi a hankali. "Wagga ta gama aiki, Mas'ud," ya ce. "Sai haƙuri."

Ta rasu ta bar kaset ɗaya da haruffansa suka goge, da abin dannawa mai ɗaurin roba a wuya, da talabijin mai ƙusumbi da yanzu ba ta da abokin hira. Ta bar magidanta uku masu furfura a gemu. Ta bar Bijimi da ransa.

Za a yi mata sutura da tawul ɗinta na tafiya, a rufe ta a gindin darbejiyar gidan marigayi Ɗan Asabe. An riga an haƙa ramin. Misbahu ya iso, Hindu ta ce za ta tuƙa tuwon mutum uku. Ba a sa rana ba, domin mamatan ƙarfe suna iya jira, kuma Mas'ud ya rantse ba za a zuba ƙasa ba sai masu ita sun cika. Jama'a na iya yin ta'aziyya ta kowace hanya da ta sauƙaƙa, ban da mutum ɗaya a Maradun. Shi ba a karɓar tasa ta waya.