Ofishin da Aka Hana Cewa "Babu"

Jama'a, yau ina rubuto muku ne ƙafata ɗaya na cikin roba da ruwan ɗumi. Gudu na sha ranar Alhamis, irin wanda rabona da shi tun ina saurayi, kuma duk a kan wani ɗan hatimi da bai kai tafin hannun jariri ba.

Babbar 'yata ce ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya, bayan shekara biyu tana nema. Abu ɗaya ya rage: a buga hatimi a takardar haihuwarta, a miƙa wa makarantar kafin ƙarfe huɗun yammacin Alhamis. Wanda ya makara, sai baɗi. Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, tun Litinin na ɗora hula na nufi ofishin da ke wannan aiki.

Ina shiga na tarar an sha fenti, bango duk alluna: "Faɗa wa kanka za ka iya!" "Mai murmushi ba ya faɗuwa!" Ashe sabon shugaban wurin, Mai Girma Garkuwan Fara'a, Sarkin Yaƙin Kyakkyawan Zato, shi ya kwashi ma'aikatansa zuwa otal, aka yi mako guda ana koya musu cewa nasara daga baki take farawa. Da suka dawo ya kafa doka: duk ma'aikacin da ya furta "babu" ko "ba zai yiwu ba", takardar gargaɗi na jiransa. Allah ya ƙara wa Mai Girma basira, kakanninmu ma ba su hango wannan ba.

Akawun da ke bayan taga ya washe min haƙora har na ƙirga na ƙarshe.

"Sannu da zuwa, Baba! Yau ranar nasararka ce!"

"Allah ya sa, ɗana. Hatimi nake so a buga min."

"Ka ɗauka an buga! Sami wuri ka zauna."

Na zauna a benci har aka tashi. Talata na koma, ya ce al'amura na tafiya yadda ake so. Na tambaye shi ko mai hatimin yana ciki, ya ce, "A zuciyarmu kullum yana tare da mu."

Da yamma na kai kukana wurin maƙwabcina tela. Bai ko ɗaga ƙafa daga keken ba ya ce, "Matsalarka ke nan, maƙwabci, mugun baki. Fata nagari lamiri. Gobe da safe ka tsaya gaban madubi ka ce wa kanka kai mai nasara ne, sau bakwai." Wannan fa mutumin da rigata ke hannunsa wata huɗu yana ce min saura maɓalli.

Duk da haka na gwada, don mai nema ba ya raina shawara. Ina kan na biyar uwargida ta leƙo.

"Malam, lafiya? Da wa kake magana?"

"Da mai nasara."

"To in ya amsa, ka ce masa famfon bayi na yoyo."

Kada ku ce ina gaba da kyakkyawan zato. Da kunnena na sha jin yarinyar nan tana ce wa kanta "zan iya" kafin jarrabawa, kuma ta iya ɗin. Sai dai ita littafi na buɗe a gabanta take faɗa. Nasu Mai Girma kuwa romon baka ne zalla, tukunyar ko wuta ba a hura mata ba.

Laraba ta wuce a benci. Ranar Alhamis, ƙarfe uku ta gota, ina zaune ina maimaita "ni mai nasara ne", sai wata dattijuwa mai shara ta zungure ni da tsintsiya.

"Ɗaga ƙafarka. Kai, ba kai nake gani nan tun Litinin ba? Me kake jira?"

"Hatimi, Iya."

"Babu shi. Mai hatimin ya jefa shi a aljihu ya tafi taron ƙara wa juna sani, sai wata mai kamawa. Ka ruga reshensu na bayan tashar mota, su ba a kai su otal ba tukuna."

"Iya, ke dokar ba ta hau kanki ba?"

"Ni wa ya gayyace ni otal?"

Na fito a guje. Hanya ta cushe, motoci sun yi cirko-cirko, na haƙura da abin hawa na kama ta ƙasa. A reshen na sami wani mutum fuska a murtuke kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Ko gaisuwata bai amsa ba, ya karɓi takardar, ya buga mata hatimi, ya turo min. Minti biyu cif. Wallahi na ji kamar in rungume shi.

Na isa ƙofar makarantar huɗu da minti ashirin. Mai gadi ya nuna min kwaɗon da ke jikin ƙofa. Na roƙa, na haɗa shi da iyayensa, ya ce masu karɓar takardu sun riga sun tafi, shi ba shi da ta cewa.

Da na dawo gida yarinyar na tsaye a bakin ƙofa, idonta a kan takardar da ke hannuna. Ta ga hatimin, fuskarta ta washe. Ban taɓa jin nauyin bakina irin na lokacin ba.

"Mun makara, 'yata. Sai baɗi."

Ta ce, "Baba, da tun Litinin suka ce maka babu, ai da Talata mun gama." Ta karɓi takardar ta shige ɗaki. Na fi son a ce ihu ta yi min, maganar nan ta fi ciwo.

Yanzu kuma na ji ƙishin-ƙishin wai an yaba wa Mai Girma ƙwarai, har za a kai tsarin nasa asibitoci. To, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Duk ranar da likita ya dubi hoton ƙirjinka ya yi murmushi ya ce yau ranar nasararka ce, kada ka tsaya godiya, tashi ka nemi mai shara.